Masana'antar Auduga da Raya Karkara: Misali daga Ƙasar Funtuwa

Gabatarwa

A garin Funtuwa na Jihar Katsina, haka kuma a garin Gombe, akwai unguwar da mutane suke kira Bisije. Baƙon da ya ji sunan zai zaci tsohuwar kalmar Hausa ce, alhali kuwa haruffan Ingilishi ne guda huɗu, BCGA, harshen Bahaushe ya lanƙwasa su. Sunan wata ƙungiya ce ta Turawan Ingila wadda ta kafa injinan gurzar auduga a waɗannan garuruwa a zamanin mulkin mallaka. Ƙungiyar ta daɗe da barin ƙasar, amma sunanta ya zauna daram, domin unguwar a gefen injin ta tsiro.

Darasin nan zai duba yadda masana'anta take shafar rayuwar mutanen karkara ta fuskar hanyoyi da sauran ababen more rayuwa, da ƙananan sana'o'i, da kuma aikin yi. An ɗauki auduga a matsayin misali saboda wani dalili mai sauƙin ganewa. Manomin dawa idan bai sami mai saye ba, sai ya zuba ta a rumbu ya ci da iyalinsa. Manomin auduga ba shi da wannan mafita, domin auduga ba ta shiga tukunya. Dole ta bi ta hannun mai sarrafa ta kafin ta zama kuɗi. Shi ma mai inji idan manomi bai shuka ba, injinsa ƙarfe ne kawai a ajiye. Saboda haka a kan auduga ne aka fi ganin igiyar da ta ɗaure gona da masana'anta, kuma a kanta ne aka fi ganin abin da yake faruwa idan igiyar ta tsinke.

Auduga kafin zuwan inji

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da masana'antar tufafi mai ƙarfi, sai dai a warwatse take cikin gidaje da zauruka. Manomi ya noma, ya cire. Mata su gurje audugar a kan dutse da magurji, wato su raba ta da gurya, su shiɓe ta da baka, sannan su kaɗa ta da mazari ta zama zare ko abawa. Masaƙi ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, maɗinki ya haɗa, marini ya tsoma a karofi, daga nan a kai mabuga a buge har tufa ta yi sheƙi. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya tarar tufafin Kano suna kaiwa Tambutu da Gat da Murzuk har Tarabulus. Ya kuma lura da cewa sana'ar tana ciyar da iyalai ba tare da ta raba mutum da gidansa ba, saɓanin manyan masaƙun Turai na zamaninsa. Garin Kura kuwa ya yi suna da baƙin rawani mai ƙyalli, ɗan Kura, wanda Buzaye suke saye da tsada.

Ke nan Turawa ba su ne suka kawo wa Bahaushe auduga ba. Sun tarar tana da masu ita, suka shiga takara da su a kanta.

Jirgin ƙasa da Bisije

Masaƙun yankin Lankasha na Ingila sun dogara ne da audugar Amurka. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya katse musu ita, dubban ma'aikata suka zauna ba aiki, kuma tsoron sake faruwar haka bai bar zukatan masu masaƙun ba. A 1902 suka kafa BCGA a birnin Manchesta domin neman auduga a ƙasashen da Ingila take mulki. Arewacin Nijeriya yana cikin wuraren da suka fi sa wa rai, kuma wannan fata yana cikin hujjojin da aka kafa wajen shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, wadda ta iso Kano a 1911.

Sai dai manoman Kano ba su bi lissafin Manchesta ba. Da jirgi ya fara ɗaukar kaya a 1912, gyaɗa ce ta cika tasha. Kuɗinta ya fi, aikinta ya fi dacewa da jigawar Kano, kuma idan shekara ta ɓaci ana iya cin ta. Ɗan abin da aka noma na auduga kuwa masaƙan gargajiya suka riƙa saye da farashin da ya fi na Turawa. Dole BCGA ta karkata kudu, zuwa ƙasar Zazzau da kudancin Katsina, yankin da ake kira Katsina Laka saboda ƙarfin ƙasarsa da yawan ruwan samansa. A Zariya aka kafa injin gurza na farko a yankin. Aka shigo da wani iri ɗan asalin Amurka mai suna Allen, wanda silinsa ya fi na audugar gida tsawo, ya kuma fi dacewa da injinan Ingila. A 1922 aka buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda ta zama cibiyar inganta irin auduga. Daga nan aka ja reshen hanyar jirgi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929.

A da Funtuwa ba ta kai maƙwabciyarta Maska suna ba. Maska ce tsohon gari mai sarauta. Tashar jirgi da gidan gurza da kantunan kamfanoni su ne suka juya al'amarin. Har yau hakimin Funtuwa Sarkin Maska ake kiransa, amma a Funtuwa yake zaune. Fatake da leburori da malamai daga Kano da Sakkwato da Barno, da Yarabawa da Ibo daga kudu, duk suka sauka. Shahararren mawaƙin nan ma, Alhaji Mamman Shata, ya yi shekaru masu yawa yana zaune a garin.

Abin da injin gurza ya jawo

Abu na farko shi ne hanya. Auduga kaya ce mai cika wuri ba nauyi, don haka jaki da mangala ba sa iya ciyar da injin da yake gurje tan masu yawa a yini. Gwamnati ta tsayar da kasuwannin auduga na musamman a ƙauyuka, ta hana sayar da audugar fitarwa a wani wuri in ba a can ba. Kowace irin wannan kasuwa tana buƙatar hanyar da babbar mota za ta bi ta kwaso kaya. Da yake da rani ake jigilar, sai En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki da hakimansa, ta riƙa share hanyoyin rani, waɗanda damina take cinyewa a sake gyara su da kaka. A farkon zamanin da aikin tilas aka yi da yawa daga cikinsu. Dagaci ne yake tara samarin gari. Ƙauyen da ya sami kasuwar auduga ya sami mota, wanda ya sami mota kuwa kasuwarsa ta mako ta cika, domin motar da ta zo ɗaukar auduga ba ta zuwa wayam. Gishiri da kananzir da goro da atamfa ta wannan hanya suka riƙa shiga. Amma duk wanda ya dubi taswirar hanyoyin zai ga inda suka sa gaba: daga gona zuwa gidan gurza, daga gidan gurza zuwa tasha, daga tasha zuwa bakin teku. Ƙauyuka biyu maƙwabta suna iya zama ba hanyar mota a tsakaninsu, alhali kowannensu yana da hanya zuwa Funtuwa.

Abu na biyu ba a ganinsa da ido kamar hanya, amma ya fi ta muhimmanci, shi ne tsarin iri. Gurya ita ce irin auduga, kuma a gidan gurza take taruwa. Wanda yake riƙe da injin shi yake riƙe da irin baɗi. Masana a Samaru su fitar da sabon iri, a yawaita shi a gonar iri ta Daudawa kusa da Funtuwa, a ba manoman kewayenta, a gurje audugarsu dabam ba a gauraya ta da ta kowa ba, sannan a watsa guryar zuwa yanki na gaba. Cikin 'yan shekaru sabon iri ya game ƙasa. Kyauta ake raba shi ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa. Akwai kuma dokar da ta tilasta tuge itacen auduga a ƙone bayan an gama cira, don kada tsutsar da take cin ƙwallon auduga ta sami mafaka har wata damina. A kasuwa kuma malamin auduga yana duba kowane ƙunshi, ya raba lamba ɗaya da lamba biyu, ya mayar da wadda aka jiƙa ko ta yi datti. Duk waɗannan ayyuka ne masu cin kuɗi, kuma ba tausayin manomi ne ya sa aka yi su ba. Masaƙun Ingila suna son auduga mai tsabta, mai tsawon sili iri ɗaya, ba su kuwa da hanyar samunta sai ta gonar talaka.

Na uku shi ne aikin yi. Gidan gurza ba ya aiki duk shekara. Yakan fara ne bayan an buɗe kasuwanni da hunturu, ya tsaya kafin ruwa ya sauka. Wannan ya yi daidai da lokacin da manomi ba shi da aikin gona, lokacin da samari suka saba tafiya cin rani. Mai ɗura auduga a inji, da mai ɗaure dila, da mai ɗinke buhu, da ɗan dako, da mai gadi, yawancinsu manoma ne da za su koma gona da bazara da 'yan kuɗin sayen taki ko na aure. Ma'aikatan dindindin, irin su akawu da makaniki, ba su da yawa. Hasali ma aikin da auduga ta samar a wajen katangar inji ya ninka na cikinta nesa ba kusa ba: masu cira a gona, waɗanda mata da yara suke da yawa a cikinsu, da masu awo, da direbobi da yaran mota, da masu tuwo a fuloti, wato filin da ake awo da lodi.

Daga nan kuma sana'o'i suka yi rassa. Akwai wakilan saye masu lasisi, akwai kuma 'yan baranda, waɗanda suke bin manomi har gida su saye audugarsa kafin a buɗe kasuwa. Hukuma ba ta son su, manomi ma yana kuka da su, amma yana neman su, domin mai karɓar haraji da mai bin bashi ba sa jiran ranar kasuwa. Attajirai da yawa na Funtuwa da Gusau da Malumfashi da cinikin auduga suka fara, sannan suka sayi motoci. Ƙasar Gombe ta fi ko'ina nuna wannan. A shekarun 1950, da hanyar mota ta gyaru aka kuma kafa gidan gurza, manoma suka kutsa dazuzzukan kudancin masarautar da garmar shanu, sababbin ƙauyuka suka tashi, Kumo ta bunƙasa. Garma tana buƙatar maƙeri, shanun huɗa suna buƙatar mai kiwo da mai magani, amalanke yana buƙatar kafinta da mai faci. Wata manazarciya 'yar Ingila, Mary Tiffen, ta yi littafi a 1976 kan wannan bunƙasa, inda ta nuna cewa hanya da kasuwa sun fi wa'azin malaman gona tasiri wajen sa manomi ya faɗaɗa gonarsa. Jirgin ƙasa bai iso Gombe ba sai a 1963, bayan auduga ta riga ta kafu.

Akwai kuma waɗanda suka yi hasara, kuma ba kasafai ake lissafa su ba. Kaɗi sana'ar mata ce, musamman matan kulle da tsofaffi. Da shi mace take tara kuɗin kayan ɗakin 'yarta. Da zaren inji ya yi araha, masaƙan gargajiya da kansu suka koma gare shi, mazari ya koma kan rataya. Mata da yawa sun juya ga ƙuli-ƙuli da fura da sauran abincin sayarwa, amma aikin da injin gurza ya bayar na maza ne, kuɗin audugar ma a hannun maigida yake sauka.

Wa ya ci ribar?

A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga ta Nijeriya, a 1954 kuma aikinta ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukumar ce take yanke farashi, ita kaɗai take fitar da auduga waje, BCGA kuma tana gurje mata a biya ta lada. Amfanin tsarin shi ne manomi ya san mai saye yana nan. Illarsa kuwa ita ce a shekaru da yawa farashin da ake ba shi yana ƙasa ƙwarai da na kasuwar duniya, rarar kuma tana taruwa a asusun hukuma. Haraji ne na biyu wanda ba a rubuta wa manomi rasit ba.

Da wani ɓangare na wannan rara aka gina masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, da haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. Akoko ta fara saƙawa. Wasu masaƙun suka biyo baya, ciki har da Arewa Textiles da UNTL a tsakiyar shekarun 1960, unguwannin Kakuri da Makera suka cika da ma'aikata. Zuwa farkon shekarun 1980 babu wani reshen masana'antu a Nijeriya da ya kai masaƙu ɗaukar ma'aikata. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, domin audugar da ake kaiwa Ingila ta koma ana saƙa ta a gida. Sai dai aikin albashi, da wutar lantarki, da ruwan famfo, a Kaduna da Kano da Legas suka sauka, ƙauyen da ya noma audugar kuwa rabonsa bai wuce hanyar rani ba. Sai a 1978 Funtuwa ta sami masaƙarta, shekara guda bayan an mai da ita hedikwatar Hukumar Auduga ta Nijeriya.

Shi ma manomi bai taɓa miƙa wuya gaba ɗaya ba. Shekara da shekaru malaman gona suna cewa a shuka auduga a tsakiyar Yuni, manoma suna shukawa a Yuli, ana kiransu masu taurin kai. A shekarun 1970 wani masanin tattalin arzikin noma a Samaru, David Norman, da abokan aikinsa suka bi diddigin ayyukan manoma, suka gano cewa Yuni da farkon Yuli lokacin noman farko ne na gero da dawa, lokacin da hannu ya fi ƙaranci a gida. Wanda ya bar hatsinsa cikin ciyawa don auduga ya sayi yunwa da kuɗinsa. Lissafin manomi daidai yake, farashin audugar ne bai kai ya sa shi canza shi ba.

Daga 1975 zuwa rufe masaƙu

A 1975 gwamnati da Bankin Duniya suka fara manyan ayyukan raya aikin gona guda uku, a Funtuwa da Gusau da Gombe, dukansu ƙasashen auduga. Aikin Funtuwa ya gina ɗaruruwan kilomita na hanyoyin karkara masu jure damina, da ƙananan madatsun ruwa, da cibiyoyin sayar da taki da iri. Ana sa ran auduga za ta ƙaru. Abin da ya ƙaru kuwa masara ce. Takin zamani mai rangwame da sabon irin masara sun sa ta fi auduga riba, ga shi ana cin ta, ga birane suna cika da masu saye saboda kuɗin man fetur. Kasuwar hatsi ta Dandume ta zama wurin da manyan motoci suke lodi zuwa kudancin ƙasar. A nan akwai abin lura game da hanya: ba ta tambayar abin da aka ɗora mata. Wadda aka gina da niyyar auduga ta ɗauki masara, daga baya ta ɗauki waken suya. Zuwa farkon shekarun 1980 masaƙun Nijeriya sun koma sayen auduga daga waje.

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki. Da farko manoma sun ji daɗi, domin masu saye sun yi yawa, farashi ya tashi. Amma tare da hukumar aka binne ayyukan da ba wanda ya gaje su. Babu mai tabbatar da cewa an gurje audugar iri dabam, sai iri ya gauraye, tsironsa ya raunana. Babu malamin da zai mayar da kaya, sai aka shiga zuba ruwa da yashi don ƙara nauyi. Buhun leda ya maye gurbin na ashasha, zarensa yana shiga cikin auduga, ba ya kuma kama rini, sai ya ɓata yadi tun daga masaƙa. Audugar Nijeriya ta yi baƙin suna a kasuwa.

Wasu masaƙu sun yi ƙoƙarin komawa gona da kansu. Masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun yi littafi a kan wannan yunƙuri a 1987. Misalin da aka fi sani shi ne na kamfanin Afcott a Ngurore kusa da Yola, wanda ya riƙa ba manoma iri da taki da maganin feshi bashi, da sharaɗin su sayar masa da audugarsu. Matsalar irin wannan tsari a kasuwar da kowa yake saye a fili take. Kamfani ya ba da bashi da damina, da kaka wani ɗan kasuwa da bai kashe ko kwabo ba ya zo ya ƙara 'yan nairori a kan kilo ya kwashe kayan. Kamfanin da aka yi wa haka sau biyu ba ya sake ba da bashi.

Su ma masaƙun ba su daɗe ba. Rashin tsayayyar wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da tsufan injuna, da atamfar waje mai araha da take shigowa ta kan iyaka, musamman bayan ɗage takunkumin shigo da yadi a 1997, duk suka taru a kansu. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007. Kasuwar Kantin Kwari ta Kano ba ta daina cika ba, amma yawancin atamfar da take cikinta daga Sin take zuwa.

Yadda abin yake a arewacin Kamaru

Ƙetaren iyaka kaɗan, a yankunan Garwa da Marwa, an bi wata hanya dabam, kuma kwatanta su biyun yana da amfani domin ƙasa da yanayi da manoman sun yi kama. Wani kamfanin Faransa mai suna CFDT ne ya fara yaɗa noman auduga na sayarwa a can a farkon shekarun 1950, daga yankin Kaele. A 1974 aka kafa Sodecoton ta gaje shi, hedikwatarta a Garwa, gwamnatin Kamaru kuma ita take da kaso mafi girma. Duk da matsin lambar da aka yi a shekarun 1990 na a sayar da kamfanin, ba a wargaza shi ba.

Sodecoton ita kaɗai take da izinin sayen auduga a yankin, saboda haka tana iya ba da bashi ba tare da tsoron mai ƙwace ba. Ana sanar da farashi kafin shuka. Manoma suna cikin ƙungiyoyin ƙauye, a cikin kowace ƙungiya kuma akwai ƙananan rukunoni da suke tsaya wa juna: idan ɗaya ya kasa biya, a cire daga kuɗin sauran. Kamfanin yana da ma'aikatan gona a ƙauyuka, ya yaɗa garmar shanu, yana kuma da sashen da yake gyara hanyoyin karkara kowace shekara, domin motocinsa ne za su fara maƙalewa idan bai gyara ba. Yana matse gurya a Garwa da Marwa ya fitar da man girki mai suna Diamaor, tunkuzar da ta rage kuma a sayar wa masu shanu. Takin da aka ba da don auduga yana amfanar masarar da za a shuka a gonar baɗi, shi ya sa yankin audugar ya zama yankin hatsi kuma.

Ba a ce tsarin ba shi da aibu ba. Manomin da ba shi da mai saye sai ɗaya ba shi da bakin ciniki, kuma tsaya wa juna yana haddasa rigima idan mai ƙoƙari ya biya bashin malalaci. Amfanin da aka samu ya kai kimanin tan 300,000 a kakar 2004/2005, ya faɗi ƙasa da rabin haka a 2009/2010, sannan ya sake haura tan 300,000 a 2018/2019. A 2011, da farashin duniya ya yi tashin gwauron zabo, auduga mai yawa ta tsallaka zuwa Nijeriya a ɓoye, kamfanin ya tafka hasarar bashin da ya bayar. Bugu da ƙari, fiye da kashi 90 cikin 100 na audugar ana fitar da ita ne ba a saƙa ba, domin masaƙar Cicam, wadda aka kafa a 1965, kaɗan take iya ɗauka. Wato Kamaru ta riƙe gona da gidan gurza amma ba ta gina manyan masaƙu ba, Nijeriya kuwa ta gina masaƙu ta saki gona.

Yunƙurin baya-bayan nan

A 2018 Nijeriya ta amince da irin auduga da aka sauya wa halitta don ya jure tsutsa, bayan gwaji tare da cibiyar Samaru. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da rabon iri da bashi ga manoman auduga a Katsina. Noman ya ɗan farfaɗo, amma bashi mai yawa bai dawo ba, kuma a ƙarshen 2023 bankin ya dakatar da karɓar sababbin buƙatu a irin waɗannan shirye-shirye. Bambancin banki da mai inji shi ne banki ba ya buƙatar audugar. Ba shi da motar da za ta maƙale a hanyar ƙauye, ba shi da injin da zai tsaya idan iri ya lalace, don haka ba abin da yake tilasta masa zama a karkara shekara bayan shekara.

A 2024 aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtuwa, don 'yan kasuwa su riƙa kammala takardun fito a nan maimakon Legas. Sai dai a 'yan shekarun da suka gabaci haka, hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Faskari da Sabuwa da Dandume sun sa manoma da yawa barin gonakinsu na nesa da gari, Daudawa kuwa a cikin Faskari take. Auduga tana yin wata biyar zuwa shida a gona, ana feshi sau da yawa, ana cira sau biyu ko uku, kowanne kuma yana nufin mutum ya yini a daji.

Tambayoyi

1. Me ya sa manoman Kano suka zaɓi gyaɗa a kan auduga bayan isowar jirgin ƙasa?

2. A bayyana ma'anar waɗannan kalmomi kamar yadda aka yi amfani da su a darasin, sannan a sa kowace a jimla: gurya, mazari, fuloti, 'yan baranda, cin rani, tunkuza.

3. Waɗanne ayyuka ne suka rasa mai yi bayan rushe hukumar auduga a 1986, kuma yaya hakan ya shafi masaƙu?

4. An ce hanya “ba ta tambayar abin da aka ɗora mata”. Me ake nufi da wannan magana?

5. A zaɓi wata masana'anta da take sarrafa amfanin gona a ƙasar da ɗalibi yake zaune, kamar koko a Gana ko rake a Sudan, a rubuta shafi biyu kan wanda yake ba manomi iri, da wanda yake gyara hanya, da wanda yake yanke farashi.